Mai Minshari Ba Ya Jin Kansa

Karatun yau: 2 Sarakuna 5:1-14

Ko uwargida ta taɓa ce maka minsharinka yana hana ta barci? Wataƙila ka yi musu, gama ba wanda yake jin minsharin kansa. Ka tambaye ta ko ta kan ji ka yi tsit kamar numfashi ya ɗauke, sa'an nan ka zabura kana jan iska da ƙarfi. In ta ce i, maganar ta wuce dariya.

A cikin barci naman maƙogwaro ya kan saki, ya toshe hanyar iska har daƙiƙa 10 ko fiye. Likitoci suna ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa ɗaya. Sau 5 ya isa a bincika, sau 30 kuwa ya yi tsanani. Mutum ya kwana, amma ya tashi da gajiya da ciwon kai, yana gyangyaɗi a sujada. Ciwon yana tafiya tare da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Direban da ke ɗaukar fasinja daga Tignère zuwa Ngaundere, in barci ya fizge shi a kan sitiyari, ba ransa kaɗai ke hannunsa ba.

Ka dubi Na'aman, shugaban sojojin Suriya, jarumi amma kuturu. Wa ya nuna masa hanya? Wata ƙaramar baiwa ta faɗa wa matarsa. Daga cikin gida taimako ya fito, daga bakin da babban mutum ba ya so ya saurara. Da Elisha ya ce ya yi wanka sau 7 a Kogin Urdun, sai ya husata, domin maganin ya yi masa ƙanƙanta.

Haka magidanta da yawa suke ji game da na'urar CPAP. Wani likita a Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fito da ita, ya buga sakamakon aikinsa a 1981. Aikinta hura iska ne ta tiyo zuwa takunkumin da ke rufe hanci, don maƙogwaro ya kasance a buɗe. Dattijon ikkilisiya ya kwana da tiyo a fuska? Wani ma zai ce rashin bangaskiya ne. Ni ban yarda ba. Allah da ya hura wa Adamu numfashi shi ne ya ba likita hikima, Bulus kuma ya kira Luka ƙaunataccen likita.

Daren farko da wuya, kamar ana shaƙe ka. Da Na'aman ya fita daga ruwa bayan nitso na 2, da kuturtarsa zai koma gida. Ka riƙa sa takunkumin da rana kana sauraron rediyo har fuska ta saba. In iska tana tsiyaya ta gefe, a gyara maɗaurin ko a sake wani. Da hunturu hanci ya kan bushe, ƙura kuma ta cika matatar, sai a riƙa wankewa. Wuta ta kan ɗauke a garuruwanmu, don haka ka yi maganar batir ko sola tun kafin ka saya.

Na'urar tana da tsada, kuma likita ne zai auna ƙarfin iskar, ba a aron ta maƙwabci. Ka je asibiti a Ngaundere ko Garwa tare da uwargida, gama ita ce shaida. Kafin nan, ka kwanta ta gefe, ka bar rigingine, ka rage ƙiba, ka rabu da bilbil da ƙwayar barci. Ke kuma 'yar'uwa, ki faɗa masa ku biyu, ba a gaban yara ba.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna da waɗanda ba su da kuɗin na'ura, da matan da ke kwana suna sauraron numfashin mazajensu cikin tsoro. Ka tsare direbobinmu a hanya. Cikin sunan Yesu, amin.