Mayar da Haja: Dokar Kanti da Niyyar Mai Saye

A ƙasar Amurka akwai manyan kantunan sari, irin su Costco, waɗanda ba a sayayya cikinsu sai da kati. Tun 2024 kuɗin ƙaramin katin dalar Amurka 65 ne a shekara. Ana aika ma masu kati takardun rangwame, kuma wanda bai gamsu da haja ba yana iya mayar da ita, a ba shi kuɗinsa.

Wannan ya yi kusa da iƙala, wato mai sayarwa ya yarda a warware ciniki saboda nadamar mai saye, abin da malamai suka yaba. To, wanda ya sayi talabijin domin kallon wasan ƙwallo guda, alhali tun farko ya ƙudurta mayar da ita, shin ciniki ya yi? Dokar kantin ba ta kama shi ba. Amma mu a ganinmu aro ya ɗauka ba da sanin mai kaya ba, ya laƙa masa sunan saye, sannan ya yi ƙaryar rashin gamsuwa.

Cutarwar kuwa ba ta tsaya ga kantin ba. A 2007 Costco ya taƙaita mayar da kayan lantarki irin talabijin zuwa kwana 90, ƙuncin ya haɗa har da masu gaskiya.