Tarar Kan Hanya Da Rajistar Mota: Shin Bashi Ne A Wuyan Musulmi?

 

Ya 'yan'uwana matasa, akwai wata tambaya da take yawo a tsakanin yaranmu na zango da suke zaune a Ingila, musamman a Mancesta da Bamingam, inda da yawansu da sitiyari suke neman abinci. Wannan yana tuƙa tasi, wancan yana kai saƙo gida-gida. Tambayar ita ce: idan aka aiko mini da takardar tara ban biya ba, za a hana ni rajistar mota? Da zarar an ce masa ba za a hana shi ba, sai ya cusa takardar a aljihun ƙofar mota ya mance da ita. To, tambayar da ta kamace mu mu yi ta wuce wannan. Abin da hukuma ba ta tare maka hanya a kansa ba, shin ya sauka daga wuyanka ke nan a wurin Allah?

ABIN DA DOKAR ƘASAR TA TANADA

Hukumar da take rajistar motoci a Birtaniya sunanta DVLA, kamar tamu ta Gana, hedkwatarta tana garin Swansea. Ita take ba da takardar mota da ake kira V5C, mai ɗauke da suna da adireshin wanda motar take hannunsa. A Dubai da Saudiyya ba a sabunta maka takardun mota sai ka biya tarar da ake bin ka. A Ingila kuwa tarar majalisar birni ba ta hana ka biyan harajin mota, ba ta kuma hana ka sayar da ita. Tarar tana bin mutumin da sunansa yake kan takardar a ranar da aka yi laifin.

Amma dubi yadda take tafiya. A ranar 1 ga Yuni 2021 birnin Bamingam ya buɗe yankin tsabtace iska a cikin zoben titin A4540. Ƙaramar motar da injinta bai kai ma'aunin hayaƙi ba tana biyan fam 8 a kowace rana ta shiga, manyan motoci kuma fam 50. Wanda bai biya ba cikin kwana shida bayan shigarsa, za a aiko masa da tarar fam 120, wadda take komawa fam 60 idan ya biya cikin kwana 14. A Mancesta an shirya irin wannan a 2022, sai aka dakatar, daga baya a Janairun 2025 gwamnati ta amince da tsarin da babu biyan kuɗi a ciki. Sai dai can ma kyamarori suna nan a kan hanyoyin da aka keɓe wa bas, irin na titin Oxford Road, kuma tararsu fam 70 ce.

Idan mutum ya yi shiru, sai a ƙara rabin kuɗin a kai, fam 120 ta zama 180. Idan ya sake yin shiru, sai a kai bashin wata cibiyar kotu da take Northampton, daga nan a miƙa shi ga ma'aikatan ƙwato bashi. Dokar 2014 ta yanka musu fam 75 na wasiƙar farko da fam 235 na zuwa ƙofar gida. Ka yi lissafi da kanka: fam 8 ta haifi fam 490, ban da kuɗin kotu. Kuma suna da ikon ɗaure ƙafar mota ko su ɗauke ta su yi gwanjonta. Ga mai tasi, wannan tukunyar gidansa ce aka ɗauke.

TSORON HUKUMA DA TSORON ALLAH

Wasu masana tattalin arziki biyu, Raymond Fisman da Edward Miguel, sun buga wani bincike a 2007 a kan jami'an jakadanci da suke aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York. Waɗannan mutane doka ba ta kama su, saboda haka tsakanin 1997 da 2002 suka tara takardun tara fiye da 150,000 ba su biya ba, kuɗin ya haura dala miliyan 18. A ƙarshen 2002 sai birnin ya fara cire lambar motar duk wanda tararsa ta taru. Nan take laifin ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100. Wato mafi yawansu ba halinsu ne ya canja ba, rajista aka taɓa. Amma binciken ya nuna wani abu kuma: tun kafin wannan mataki, jami'an wasu ƙasashe kamar Norway da Suwidin da Kanada kusan ba a bin su komai, alhali su ma doka ba ta kama su.

A Landan ma, alƙaluman da hukumar sufurin birnin ta fitar a 2024 sun nuna ana bin ofishin jakadancin Amurka fiye da fam miliyan 14 na kuɗin shiga tsakiyar gari, ana bin na Nijeriya fiye da fam miliyan 8. Amurkawa suna cewa haraji ne, kuma yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta ɗauke musu haraji.

Ya ɗan'uwa, a wane layi kake so a same ka? Musulmi shi ne mutumin da yake azumi a ɗakin da babu kowa, ga ruwan sanyi a gabansa, bai sha ba. Idan wannan tarbiyya ta tsaya a bakin tabarmar salla, ba ta shiga mota tare da mu ba, to akwai sauran aiki.

HUJJOJIN MASU ƘIN BIYA

Bai kamata mu raina hujjojinsu ba, domin wasunsu suna da ƙarfi.

Na farko yana cewa malamai da yawa ba su halatta hukunta mutum da karɓe dukiyarsa ba. Gaskiya ne, akwai saɓani. Mafi yawan magabata sun hana, amma an ruwaito halaccinsa daga Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa, kuma Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun ƙarfafa shi. Sai dai wannan saɓani magana ce a kan abin da alƙali Musulmi zai yi hukunci da shi. Matsayinka kai daban ne. Kai mutum ne da ya shiga ƙasar mutane da aminci, ko aka haife shi a cikinta, ya je da ƙafarsa ya nemi lasin, ya sa hannu a takardar mota. Malaman fiƙihu, cikinsu har da Ibn Ƙudama a littafinsa Almugni, sun bayyana cewa wanda ya shiga ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da amincinsu, haramun ne ya ha'ince su a dukiyarsu. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta fara.

Na biyu yana cewa ai kuɗin kafirai ne. Mu tuna da Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa. Ƙuraishawa sun tsare su a hanya, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Manzon Allah (SAW) ba. Suka iso ana shirin Badar, Musulmi 'yan kaɗan, ana bukatar kowane takobi. Duk da haka Annabi (SAW) ya umarce su su koma su cika alkawarinsu. Muslim ne ya ruwaito. Idan alkawarin da aka yi wa maƙiyi a ranar Badar bai faɗi ba, ina ga wanda aka yi wa garin da 'ya'yanka suke karatu a makarantunsa, matarka take haihuwa a asibitinsa?

Na uku yana cewa tarko ne na tatsar talaka. A nan akwai ƙamshin gaskiya. Mai kuɗi ya sayi sabuwar mota ya wuce kyauta, mai tsohuwar mota daga Small Heath ko Alum Rock shi ne yake biya, kuma fam 120 ba nauyinta ɗaya ba a aljihun likita da na mai shara. Amma mu duba ɗaya gefen. A Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa a Landan ya yanke cewa gurɓatar iska tana cikin abin da ya kashe Ella Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara tara mai ciwon asma, wadda ta rasu a 2013. Unguwannin da suke shaƙar hayaƙin manyan tituna galibi na talakawa ne da baƙi, wato irin namu. Haka nan wanda ya ajiye mota a bakin mararraba don kada huɗuba ta wuce shi, ya tare wa mai keken guragu hanya, ya manta cewa Annabi (SAW) ya sanya kawar da cuta cikin haƙƙoƙin hanya.

Wanda kuma yake ganin an zalunce shi, ƙofa a buɗe take. Yana da damar rubuta wa majalisar birni ƙorafinsa, idan ta ƙi ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun tarar hanya mai zaman kanta, kuma kyauta ne. Idan dokar ce kanta ba ta yi maka ba, kana da kansila, kana da ƙuri'a. Mai neman haƙƙinsa yana fitowa da sunansa ya yi magana. Wanda ya ɓoye wasiƙa a ƙarƙashin kujera bai yaƙi zalunci ba, jiran ƙwanƙwasa ƙofa kawai yake yi.

INDA ABIN YA FI MUNI

Ko da za mu yi jayayya a kan ko tara tana daidai da bashin da hadisai suka tsoratar a kansa, akwai wurin da babu jayayya, shi ne inda tarar take faɗawa kan wani ɗan'uwa. Tun da tara sunan da yake kan V5C take bi, sai wasu suka mai da rajista wurin ɓuya. Wani ya sa motarsa da sunan yayarsa. Wani ya tashi daga gida a Cheetham Hill ko Moss Side ya bar tsohon adireshi da gangan, alhali rashin canja adireshin kansa laifi ne da tararsa take iya kaiwa fam 1,000. Wani ya sayi mota a hannun abokinsa ya ce a dakata da canja suna. Rana ɗaya sai masu ƙwato bashi su tsaya a ƙofar baiwar Allah da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, 'ya'yanta suna kallo. Mun san yadda zumunci yake a zango. A Nima ko Aboabo, idan ɗan'uwa ya ce ara mini sunanka, kunya ba ta barin ka ka ce a'a. Wanda ya hau kan wannan kunya ya ɗora wa ɗan'uwansa bashi ya ci amana, kuma istigfari kaɗai ba ya wanke haƙƙin mutum sai an biya shi ko ya yafe.

Mafi haɗari shi ne tarar gudu. Mafi ƙarancinta fam 100 da maki uku a kan lasin, kuma maki 12 cikin shekara uku suna iya jawo a hana mutum tuƙi. Doka ta wajabta wa mai motar ya faɗi wanda yake tuƙi cikin kwana 28. A nan Shaiɗan yake raɗa wa mutum: sa sunan ƙanenka, ko na wani da ya koma gida. Chris Huhne tsohon minista ne a gwamnatin Birtaniya. A 2003 matarsa ta karɓi makinsa, bayan shekara goma, a Maris 2013, aka ɗaure kowannensu wata takwas. Fiona Onasanya 'yar majalisa ce daga Peterborough, aka ɗaure ta wata uku a Janairun 2019 a kan irin wannan ƙarya, kujerarta ma ta tafi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mu kuwa mun san tun muna makarantar allo cewa shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ko an kama mutum ko ba a kama shi ba.

ABIN DA YA KAMACE MU

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shiga tara ba abin kunya ba ne. Alama tana iya ɓace wa kowa a garin da bai saba ba. Abin dubawa shi ne abin da mutum ya yi bayan wasiƙa ta zo. Ka buɗe ta a ranar. Idan kai ne da laifi, ka biya da wuri a rabin kuɗi. Idan ba kai ba ne, ka yi ƙorafi kafin wa'adi ya wuce. Idan ba ka da hali, ka nemi a raba maka biyan, ka kuma gaya wa 'yan'uwa tun tana fam 60. Idan ka sayar da mota ko ka tashi daga gida, ka sanar da DVLA nan take. Kada ka ari suna, kada ka ba da aron naka. Idan kuma ka riga ka jefa wani a ciki, ka je ka same shi, ka biya, ka nemi gafararsa.

Ga shugabannin ƙungiyoyinmu kuma, yadda muke tara kuɗin biki da na kai gawa gida, ya dace mu ware wani abu na rance ga wanda tara ta kama, mu kuma sami mutum biyu masu jin Turancin takarda da za su riƙa karanta wa sababbin zuwa wasiƙunsu bayan sallar Juma'a.

An taɓa kawo wa Annabi (SAW) gawar wani mutum, da ya ji ana bin sa bashi bai bar abin biya ba, sai ya ja da baya, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a kansa sannan ya sallace shi. Kowannenmu ya duba aljihun ƙofar motarsa yau, kafin ranar da wani zai duba masa.

Allah Ya yaye mana bashi, Ya tsare mu daga cin haƙƙin mutane, Ya kai mu gidajenmu lafiya.