MAI FITOWA A MUGUWA, MUGUWA CE?

Yau tambaya ɗaya na zo da ita, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Matar da ke fitowa a muguwa cikin wasan kwaikwayo, muguwa ce? In ba muguwa ba ce, to don me muke tsine mata?

Ina yarinya a nan Dutse, gidanmu ne kaɗai mai bidiyo a layinmu. In an kawo wuta da daddare sai matan maƙwabta su cika tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, a sa kaset. Da zarar Daso ta fito tana murguɗa baki tana ƙulla makirci, sai Goggona ta miƙe tsaye ta nuna talabijin da carbinta, ta ce, "Allah Ya isa tsakanina da ke, munafuka!" Amma fa ranar da aka aro kaset babu Daso a ciki, ita ce ta farkon cewa, "Kai, wannan fim ba gishiri."

Sunanta na gaskiya Saratu Giɗaɗo. An haife ta a 1968, ta fara fitowa a 2000 cikin fim ɗin Linzami Da Wuta na kamfanin Sarauniya a Kano. Fiye da shekara 20 tana fitowa a azzalumar kishiya, ko uwar miji mai raba aure. Allah Ya karɓi abarsa ranar 9 ga Afrilu, 2024, ana gobe ƙaramar Sallah. Ran nan abokan aikinta suka yi ta shaidar fara'arta da barkwancinta. Goggona kuwa, da tsufanta, har da hawaye. Na ce, "Goggo, ba ita kike wa Allah Ya isa ba?" Ta yi shiru, can ta ce, "Ai ba da ita nake ba."

To da wa take? Ni dai na san Goggo ta zauna da kishiya shekara da shekaru, ta haɗiye abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Abin da ta kasa furtawa a ɗakin mijinta, shi take saukewa a kan talabijin. Daso ta ara wa baƙin cikin Goggo fuska, ta kuma ɗauke mata zagin.

Ba a kanta aka fara ba. Tun kafin a san fim ɗin bidiyo a ƙasar Hausa an yi wata mata a Yamai ta ƙasar Nijar, sunanta Zalika Sule, haifaffiyar 1947, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi sana'ar fim a wannan yanki namu. Tana 'yar shekara 19 ta fito a fim ɗin Mustafa Alasan a 1966. Daga nan Umaru Ganda ya sa ta a finafinansa, har da Le Wazzou Polygame, labarin wani Alhaji da ya ƙaro mata ta uku. Zalika ce ta fito a matar da kishi ya rufe wa ido, ta tashi hallaka amarya, sai ta kashe ƙawar amarya bisa kuskure. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972. Ƙasa ta sami suna, ita kuwa Zalika mutane suka ɗauka abin da suka gani shi ne halinta, ta sha zagi da tsangwama. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar, sai talauci ya biyo baya. Fim ɗin da Rahmatu Keita ta yi a kan rayuwarta a 2004 ya nuna ta da 'ya'yanta a gidan da ba famfo ba lantarki, daga baya har aikatau ta je ta yi a ƙasar waje. Ta rasu a 2021. An sha romo, an yar da ƙashi.

Na san wata za ta ce, "Haba Anti, ai 'yan fim ɗin ma suna da nasu." Gaskiya ne, ba na wanke kowa. Inda aka zubar da kunya a faɗa, inda aka koyar da ɓarna a tsawatar. Amma a kama mutum da abin da ya aikata, ba da rigar da aka ara masa ba. Kwaikwayo ba baƙonmu ba ne. Wace ce a cikinmu ba ta yi tashen Mairama da Daudu ba da azumi? Wadda ta fito a Daudu ta zama namiji ke nan?

Ni kaina na ɗanɗana. Na rubuta littafi da wata muguwar uwar miji a ciki, sai dangin maigidana suka ce ai da tasu uwar nake. Wata biyu ƙanwarsa ba ta amsa gaisuwata. Wallahi baiwar Allah nan ba ta taɓa yi mini ko kallon banza ba, amma sai da na je na durƙusa na ba da haƙurin laifin da ban yi ba. Ni da nake ɓoye a bayan takarda ke nan, ina ga wadda ta ba da fuskarta da muryarta?

Ki duba bambancin nan, 'yar'uwa. 'Yar wasa tun farko ta gaya miki wasa ne, ana gamawa ta wanke kwalliya ta tafi gida ta ɗora tukunya. Amma akwai mai wasan da ba ta sanarwa. Ita ce mai cewa kishiya "Sannu Yaya" da murmushi, alhali ƙullin boka na cikin jakarta. Ita ce mai shafa kan maraya a gaban baƙi, in sun fita ta hana shi tuwo. Tsakanin su biyun wace ce ta yaudare mu? Mai nuna mugunta don a gane ta a guje ta, ko mai lulluɓe ta da mayafin kirki?

Saboda haka in kin ga muguwa a fim ranki ya ɓaci, kada ki tsine wa mai wasan. Madubi ta riƙe miki, kuma ba a fasa madubi don ya nuna ƙurji. Ki tambayi zuciyarki ko akwai ɓurɓushin wannan hali a tare da ke. In akwai, a gyara tun da sauran numfashi.

Allah Ya jiƙan Saratu da Zalika, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa cikinmu ya fi wajenmu kyau. Amin.