Ziyara ko Kallo? Tsokaci a Kan Haƙƙin Wuri a Wuyan Baƙo

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji, su kuma ce baƙo makahon gari. A tsakanin waɗannan maganganu biyu ne tambayarmu take: shin mutumin da ya biya kuɗin mota ko na jirgi, ya yanki tikiti a bakin ƙofa, ya sauke duk wani nauyi da ke kansa, ko kuwa wurin da ya je gani yana bin sa wani bashi da kuɗi ba su biya?

Bari mu fara da nesa, sannan mu dawo gida. A tsibirin Malta da ke tekun Bahar Rum akwai Baleta, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙantar manyan biranen Turai, wanda aka aza harsashinsa a 1566. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, mazaunansa kuma 'yan dubbai ne, amma manyan jiragen ruwa kan juye masa dubban baƙi da hantsi, su kwashe su kafin magariba. Cikin wuraren da baƙin kan yi tururuwa akwai wata tsohuwar majami'a wadda daɓenta duwatsun kaburbura ne kusan 400 na mayaƙan da suka mulki tsibirin. Wato mai kallo yana ɗaga kai yana sha'awar zanen rufi, alhali ƙafarsa na kan sunan wani mamaci.

Kada mu yi saurin yi wa Turawa dariya, domin muna da irin wannan a nan Bauchi. Kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, yana cikin garin nan, kuma akan ambace shi tare da Yankari da ruwan Wikki duk sa'ad da ake kirarin jihar da yawon buɗe ido. Waɗanda suka gina hubbaren a ƙarshen shekarun 1970 sun yi shi da hikima. Mai shiga kan bi ta wani lungu mai duhu, haske na ƙaruwa a hankali, har ya ɓulla inda kabarin yake a fili, ba rufi sai sararin samaniya. Ginin kansa yana roƙon mai shiga da ya rage sauri. Duk da haka, sau nawa muka kai ɗalibai can, suka ratsa duhun suna raha, suka juya wa kabarin baya domin hoton ya yi kyau, muka fito ba wanda ya ɗaga hannu ya yi wa mamacin addu'a? Mu malaman ma ba mu tsira ba, domin idonmu na kan agogo da direba.

A nan ne bambancin ziyara da kallo yake fitowa. Mai ziyara yana yin sallama, wato ya amince cewa wurin yana da masu shi, rayayyu ko matattu, kuma shi ne ya shigo musu. Mai kallo kuwa ya ɗauka an shirya wurin ne dominsa, kamar yadda ake shirya dandalin wasan kwaikwayo. Na farko yakan fita da abin da aka ba shi, na biyu da abin da ya ɗauka.

Wani zai ce mun tsananta. Ai kuɗin mai kallo ne ke gyara gini, su ciyar da mai gadi da mai sayar da ruwa, kuma ba a tuhumar baƙo da rashin sanin abin da ba a gaya masa ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce a rufe ƙofa ba. Amma kuɗi haƙƙin gini suke biya, ba haƙƙin wanda ke kwance a ciki ba. Rashin sani kuma uzuri ne ga wanda ya tambaya, ba ga wanda ya ƙi tambaya ba. Makantar baƙo ba laifi ba ce. Laifin shi ne makahon da ya raina ɗan jagora.

Abin da wuri ke nema daga gare mu bai taka kara ya karya ba: mu san wane ne mai gidan kafin mu shiga, mu sassauta murya, mu bi ladabin wurin ko da ba na addininmu ba ne. Ɗalibin Hausa da ya karanta Shaihu Umar a aji, ya kuma tsaya a gaban kabarin marubucinsa bai haɗa biyun a ransa ba, ya je Bauchi amma bai iso ba.

Saboda haka, kafin mu nemi bizar zuwa kallon biranen wasu, ya kamata mu gwada kanmu a ƙofar gida. Wanda bai iya sallama a hubbaren Tafawa Ɓalewa ba, ko an kai shi Baleta, taka kaburbura kawai zai yi ya dawo da hotuna.