Hukuncin Tattakin Neman Taimako Domin Cika Shekara Sittin

Tambaya: Wani manomin rani daga yankin Bunkure, wanda zai cika shekara 60 a bana, ya nemi sanin hukuncin shawarar da 'ya'yansa suka ba shi, cewa ya yi tattaki, wato doguwar tafiya a ƙasa, daga madatsar ruwa ta Tiga, ya ratsa Bunkure da Kura ya ƙarasa birnin Kano, su kuma abokan sana'arsa, manoman shinkafa da dillalan tumatir na Kwanar Gafan, su ɗauki alkawarin bayar da wani kuɗi a kan kowace kilomita da ya taka, domin a haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyensu. Yana tambaya ko hakan bidi'a ne, ko ya halatta ya yi bakance a kai, kuma ko za a iya zuba zakka a cikin kuɗin.

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, buƙatar da ta sa aka yi wannan tunani buƙata ce ta gaskiya, domin tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ya mayar da ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam wurin noma rani da damina, amma ruwan da ke raya gona shi ne kuma yake ɗauke da katantanwar da ƙwayar tsargiya ke rayuwa a jikinta, ƙwayar ta shiga fatar yaron da ya yi wanka ko matar da ta tsaya wanki a magudana, har a wayi gari mutum yana fitsarin jini. Samar wa irin wannan ƙauye ruwa mai tsabta yana cikin sadaka mai gudana, kuma an ruwaito cewa da Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi (SAW) sadakar da ta fi domin mahaifiyarsa da ta rasu, an nuna masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya. Kyawun manufa kuwa ba ya wadatarwa sai an duba hanyar da za a bi.

Malaman wannan zamani sun saɓa a kan bikin ranar haihuwa. Shaihu Ibn Baz da kwamitin fatawa na Saudiyya sun hana, bisa hujjar cewa idi ne da ba a shar'anta ba kuma koyi ne da waɗanda ba Musulmi ba, yayin da hukumar fatawa ta Masar ta halatta shi a matsayin al'ada matuƙar babu saɓo a ciki. Sai dai abin da ake kira idi shi ne ranar da take maimaituwa ana taruwa dominta, tattakin da aka yi sau ɗaya a rayuwa kuwa bai cika wannan siffa ba. Shari'a ma ta ba wasu shekaru muhimmanci, domin aya ta 15 a Suratul Ahƙaf ta koyar da wanda ya kai arba'in ya roƙi ikon gode wa ni'ima da shiryuwar zuriya, hadisin Abu Huraira a Bukhari kuma ya nuna cewa wanda Allah Ya jinkirta masa har sittin an yanke masa hanzari. Saboda haka mai shekara 60 da ya ji tsoro da godiya sun motsa shi ga aikin alheri ya fahimci shekarunsa yadda ya kamata. Abin kiyayewa shi ne ƙudurta cewa ranar tana da wata falala ta musamman, domin nan ne aikin zai faɗa cikin abin da Imam Shaɗibi ya kira bidi'a ilafiyya, wato aikin da asalinsa shar'antacce ne amma aka ɗaure shi da lokaci ko siffar da shari'a ba ta ɗaure shi da ita ba.

Inda mas'alar ta fi buƙatar tsayawa shi ne ita tafiyar kanta, domin mutane da yawa suna zaton gajiyar ƙafa tana da lada a karan kanta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya ga wani dattijo ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen tafiya a ƙasa, sai ya bayyana cewa Allah ba Ya buƙatar mutum ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Haka ya yi wa Abu Isra'ila da ya yi bakancen tsayuwa a rana babu zama babu magana yana azumi, ya sa shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya bar masa azumin kaɗai, wanda shi ne ibada a cikin abin da ya ɗora wa kansa. A kan wannan ne malaman Malikiyya suka ce bakance, wato mutum ya wajabta wa kansa wani aiki domin Allah, ba ya lazimta sai a cikin abin da yake ɗa'a, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa bakancen tafiya a ƙasa zuwa Makka kaɗai yake lazimta. Kakannin Hausawa da suka taka ta Borno da Sudan zuwa aikin Hajji sun taka ne saboda ita ce hanyar da ke akwai, ladarsu kuma ta Hajji ce. Don haka bai kamata mai tambaya ya yi bakancen tattaki ba, in kuma ya riga ya yi, tafiyar ba ta hau kansa, sai sadakar da ya ambata daga dukiyarsa.

Matsayin tattakin na daidai shi ne wasila, wato hanyar isa ga manufa, kamar shela a kasuwa ko sanarwa a rediyo, kuma wasila tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi. An ga tasirin irin wannan a Ingila a 2020, lokacin da tsohon soja Kyaftin Tom Moore ya zagaya lambunsa sau 100 gab da cikarsa shekara 100, aka tara fiye da fam miliyan 32 domin taimakon ma'aikatan lafiya, kuma kasancewar wasu al'umma sun riga yin abu ba ya haramta shi matuƙar ba alamar addininsu ba ne. Bayyana sadaka domin a yi koyi yana da asali a hadisin Jarir a Muslim, inda wani Ba'ansare ya kawo jakar kuɗi ga matalautan Mudar a gaban jama'a, mutane suka bi sahunsa, Annabi (SAW) ya yi farin ciki. Amma haɗarin riya a nan babba ne, musamman idan aka cika tafiyar da hotuna da kirari da ziyarar masu mulki domin karɓar tukuici, kamar yadda aka gani a wasu tattakin siyasa tun daga 2015, kuma dattijon da ya kai sittin shi ya fi kowa cancantar tsoron wannan.

Alkawarin kuɗi a kan kowace kilomita ba caca ba ne, tunda babu mai cin dukiyar wani, kuma rashin sanin jimillar tun farko ba ya ɓata shi, domin Imam Ƙarafi ya bayyana cewa a mazhabar Malik ana yafe jahiltar adadi a cikin kyauta, saɓanin ciniki. Mashhurin mazhaba kuma shi ne alkawarin da aka rataya a kan wani sababi, har wanda aka yi wa ya shiga aikin saboda shi, yana zama wajibi a cika, don haka dillalin da ya yi alkawari ba shi da damar janyewa bayan an taka. Kuɗin amana ne a hannun mai tarawa, ba ya halatta ya ci daga ciki ko ya cire guzurin hanya sai da sanin masu bayarwa, kuma wajibi ne a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ɗora wasu amintattu a kai, a ware na gyara, domin rijiyoyi kan mutu saboda rashin mai kula. Zakka kuwa ba ta shiga, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance ta ga kashi takwas, kuma mafi yawan malamai, har da Malikiyya, ba su halatta sarrafa ta a gine-ginen amfanin jama'a ba.

Bisa wannan, tattakin ya halatta a matsayin al'ada, da sharaɗin likita ya tabbatar jikinsa zai ɗauka, a guji zafin bazara da kwanakin Ramadan, kada a tozarta salla a kan lokacinta ko a rasa Juma'a, kada a tare hanyar Kano zuwa Zariya ko a tattake shukar mutane a bakin magudana, kuma ba zai yi ƙasaru ba sai idan tafiyar ta kai baridi huɗu, kimanin kilomita 80. Abin da ya fi masa shi ne ya sanya tafiyar a lokacin da manoma suka sayar da amfani, ko da bai dace da ranar haihuwarsa ba, domin ya fita daga saɓanin malamai, kuma idan ya gaji a hanya ya hau mota babu kaffara a kansa, masu alkawari su biya gwargwadon abin da ya taka. Allah ne Mafi sani.