Kwalbar Tangaran da Shekarun da Ake Ƙara Mata

In ana rushe tsohon gidan ƙasa a Fagge don a ɗora filaza, ko ana haƙa harsashi a Sabon Gari, wani lokaci diga takan ci karo da wata kwalba mai nauyi, ruwan ƙasa, ba gilashi ba, ba kuma irin yumɓun tukwanenmu ba. Nan take gardama za ta kaure. Wannan ya ce ta Larabawan Turabulus ce, wancan ya rantse ta girmi ganuwar Kano. Kafin ta kai hannun dillali ta shekara ɗari biyar a bakin mutane.

Ita kuwa tana da nata bayanin, sai dai gajere ne.

A fara da jikinta. Tulu da randa a fili ake gasa su, shi ya sa suke tsattsafo har ruwa ya yi sanyi. Wannan a rufaffen murhu aka gasa ta, zafi ya kai wajen digiri 1,200, har yumɓun ya daina shan ruwa. Ana tsaka da gashin sai a watsa gishiri a wutar, tururinsa ya bar mata sheƙi mai gurza-gurza kamar ɓawon lemo. In kuwa sumul take, ƙasa fari-fari, sama ruwan zuma, wannan shafi a 1835 aka ƙirƙiro shi a Biristol ta Ingila, ba ta isa ta girmi shekarar ba.

Sai hatimi, wanda aka danna tun yumɓu yana ɗanye, a kafaɗa ko dab da gindi. Mai ɗan leɓen tsiyaya a baki ta tawada ce, daga ita akawu ke cika ƙaramin kurtun teburinsa. Wasu suna ɗauke da suna biyu: P. & J. Arnold na Landan masu tawadar, da J. Bourne & Son na Denby masu gina kwalbar. A kan ta kamfanin Doulton, in an ga England ƙarƙashin sunan, daga 1891 ne zuwa sama, lokacin da dokar kwastan ta Amurka ta tilasta a rubuta ƙasar da kaya suka fito. Doguwar nan mai ɗan hannu a wuya galibi daga yankin Westerwald na Jamus take, ko ta ruwan sha na Selters ko ta barasar Holan. A haska cikinta da tocila: zobe-zoben yatsu aikin hannu ne, dogayen layuka daga sama zuwa ƙasa kuwa aikin injin da ya shigo wajen 1879.

To, a nan mutane ke yin tuntuɓe. Duk waɗannan alamu iyakarsu su nuna lokacin da aka gina ta. Ba su faɗi yaushe ta shigo Kano ba, balle yaushe aka jefar da ita. Fagge tsohon zangon ayari ne, gaskiya, amma kayan Turai da Bature matafiyi Barth ya gani a kasuwar Kano a 1851 irin su yadi ne da takarda da allura da ruwan takobi, kayan da ribarsu ta biya wahalar raƙumi. Da wuya madugu ya ratsa Sahara da lodin kwalaben yumɓu. Sai da layin dogo ya iso a 1911, kantunan John Holt da Niger Company suka zauna, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 don akawai da ma'aikatan jirgi, sannan kaya masu nauyi da araha suka samu hanya. A ganina yawancinsu ta tasha suka shigo.

Kuma a da wa ke yar da kwalba? Tawada ta ƙare, masinja ya kai ta gida, uwargida ta zuba kananzir, jika ya gaje ta ya zuba tsimi. Zurfin ramin ma ba abin dogaro ba ne a Kano, inda ake haƙa kududdufi a yi gini, a cike shi da shara, a sake gini a kansa. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce abin da ke kwance tare da ita. Murfin kwalba na gwangwani mai haƙora bai wanzu ba kafin 1892. Anini mai huji kuwa, da aka fara bugawa a 1907, shekararsa na rubuce a jikinsa.

Abin takaici, wannan shaidar ake fara zubarwa. A kwashe ƙasar a tifa, a dirje kwalbar da soson ƙarfe, ragowar takardar jikinta ta bi ruwa. Wanda ya tsinci irinta ya bar ta da dauɗarta, ya ɗauki hoton ramin da waya, ya rubuta unguwa da zurfi da abin da ke gefenta, sannan ya nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama.