Kayan Wanda Ba Shi da Ƙofa

A shekarar 2011 wasu mutum tara da ke kwana a bakin titi a unguwar Skid Row ta birnin Los Anjeles, a Amurka, suka maka hukumar birnin a kotu. Kukansu shi ne, da zarar sun gusa domin cin abinci, ko wanka, ko kewayawa, sai ma'aikata su kwashe kayansu su lalata: katin shaida, takardar haihuwa, magunguna, wayoyi, barguna. Hukuma ta ce abin da aka bari a hanya ba shi da kariyar doka. A Satumbar 2012 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara suka ƙi wannan hujja, suka ce tashi daga kan kaya ba ya sauke mallaka.

Abin da ya dame ni shi ne sai da kotu ta faɗi haka. Mai gida yakan yi tafiyar wata guda, babu mai cewa tabarmarsa ta zama ta kowa, domin bango da kwaɗo suna yi masa shaida. Wanda ba shi da ƙofa kuwa, jikinsa ne kwaɗonsa. In ya tashi, shaidarsa ta tashi.

Mu ma da ba ma kwashe kayan kowa muna da namu hukuncin. Na taɓa mayar da sadaka aljihu don na ga waya a hannun mai roƙo, kamar na kama shi da ƙarya. Alhali wayar nan ita ce adireshinsa. Ta nan mai neman lebura zai same shi, ta nan 'yarsa za ta san yana raye. Ko an sayar da ita, ba ta biyan hayar ɗaki. Ashe so nake in ga tsiraicin talaucinsa kafin in yarda da shi. Malaman fiƙihu sun fi ni sassauci, don sun yarda mutum yana iya mallakar gidan da yake ciki, ya kuma cancanci zakka.

Gaskiya ne hanya ta kowa ce, kuma mai keken guragu yana da haƙƙin wucewa. A 2016 birnin ya iyakance abin da mara gida zai ajiye a titi: kada ya wuce cikin mazubi mai galan 60, kusan duro guda. Ban san wani ɗan gari da doka ta auna wa dukiyarsa da duro ba.